Yadda Ake Zaɓar Tsawon Bututun Raifil Don Farauta da Harbin Bara

Tambaya guda ce ke ta dawowa daga masu shirin sayen raifil ta farko, musamman 'yan'uwa mazauna Amurka, Kanada da Turai da suka samu lasin farauta: mai bututu inci 18 zan ɗauka, ko 22, ko 26? Yawancinsu sun riga sun ƙudurta a rai cewa wadda ta fi tsawo ita ta fi saiti. Wannan zato shi ke sa mutum ya zuba kuɗi a kan bindigar da za ta zame masa kaya a daji.

Abin da tsawon bututu ke ƙara wa harsashi shi ne gudu. Saiti kuwa yana zuwa ne daga ingancin ƙirar bututun, da lafiyar leɓen bakinsa, da harsashin da ya dace da shi, da hannun mai harbi. Saboda haka aikin da ke gabanka shi ne ka gano mafi gajartar bututun da zai ba ka gudun da kake buƙata a nisan da kake harbi da gaske, wanda kuma zai zauna maka a hannu ba rawa. Ga yadda ake bi, daki-daki. Inci ɗaya santimita 2.54 ne, ka riƙe wannan don lissafi.

1. Fara da doka

Kafin ka duba kowace bindiga, ka san iyakar da ƙasar da kake ciki ta gindaya. A Amurka, dokar makamai ta 1934 ta ware raifil mai bututu ƙasa da inci 16, ko wadda tsawonta gaba ɗaya bai kai inci 26 ba, a rukuni na musamman da sai an yi masa rajista da ATF, hukumar tarayya mai kula da makamai, kuma wasu jihohin sun haramta ta ɗungurungum. A Birtaniya iyakar ita ce bututu santimita 30 da tsawon bindiga santimita 60. A Kanada, yanke bututun raifil ya koma ƙasa da milimita 457 yana mai da ita haramtacciya. A Najeriya, dokar makamai ta 1959 ta sa raifil ta farauta cikin makaman da sai da lasin Sufeto Janar na 'Yan Sanda ake mallaka.

Hattara: doka tana canzawa, kuma dokar farauta daban take da dokar mallaka. Akwai wuraren da suka ƙayyade ƙaramin harsashin da za a harbi wata dabba da shi. Ka tambayi hukumar da ke ba da lasin a rubuce, kada ka dogara da maganar mai shago.

2. Rubuta aikin da bindigar za ta yi

Ɗauki takarda ka amsa abu huɗu: wace dabba ko wane irin allon bara, daga wane nisa, a wane irin wuri, kuma tafiyar ƙafa nawa za ka yi da ita a kafaɗa.

A nan ake fara yaudarar kai. Mutum zai rubuta mita 600 saboda abin da yake gani a bidiyo, alhali dajin da zai shiga ba a hango abin da ya wuce mita 120. Ka rubuta nisan da ka saba samun dabba, sannan nisa mafi tsawo da ka tabbata kana iya zuba harsashi biyar a jere cikin da'ira mai faɗin santimita 20, wato kusan girman wurin da huhu da zuciyar barewa suke. Abin da ya wuce wannan ba nisanka ba ne tukuna, kuma bai kamata ya shiga lissafin sayen bindiga ba.

Wuri ma yana da magana. Mai farauta cikin kurmi, ko daga ɗan ɗakin fako a kan itace, ko mai yawan shiga da fita daga mota, kowane inci na ƙari zai riƙa sarƙe masa a reshe da ƙofa. Mai kwanciya a fili yana jiran dabba daga nesa ba ya jin wannan wahalar.

3. Zaɓi harsashi kafin bututu

Kowane harsashi yana da yawan albarushin da ke cikin kwansonsa, kuma wannan ne ke nuna tsawon da zai amfane shi. Wanda ke da albarushi mai yawa mai ci a hankali, ga ramin bututu siriri, yana buƙatar doguwar hanya kafin ya gama tura dalma. Wanda ke da albarushi daidai wa daida yana gama yawancin aikinsa da wuri.

Ga tsawon da aka saba gani a bindigogin farauta, gwargwadon irin harsashin:

.22 LR: inci 16 zuwa 20. Albarushinsa kaɗan ne, yana kai ƙarshen gudunsa a wajen inci 16 zuwa 18, bayan nan ƙarin tsawo ba ya ƙara masa komai, wani lokaci ma rage shi yake yi.
.30-30 Winchester: inci 20, kamar yadda bindigar Winchester 94 ta shahara da shi.
.308 Winchester: inci 18 zuwa 22. Yana cikin masu haƙuri da gajeren bututu.
.30-06 da .270 Winchester: inci 22 zuwa 24.
6.5 Creedmoor: inci 22 zuwa 24.
7mm Remington Magnum da .300 Winchester Magnum: inci 24 zuwa 26.
.375 H&H, wanda ƙasashen Afirka da dama suka sa a matsayin mafi ƙanƙantar abin da za a tunkari ɓauna da shi: inci 22 zuwa 25.

Hattara: babban kuskure a wannan mataki shi ne sayen harsashin magnum, wato mai albarushi da yawa, a sa shi a bututu inci 20. Za ka biya kuɗin harsashi mai tsada, ka sha dukan kafaɗa da ƙara da walƙiyar wuta a bakin bindiga, sannan gudun da za ka samu bai fi na .30-06 mai inci 24 da wani abin kirki ba. In gajeriya kake so, ka koma kan .308 ko makamancinsa tun farko.

4. Lissafa gudun da za ka rasa, ka ga ko ya dame ka

Gudun da aka buga a jikin kwalin harsasan raifil galibi an auna shi ne da bututun gwaji mai inci 24. In taka ta gaza haka, ba za ka samu wannan adadin ba. A .308 ana rasa kusan ƙafa 20 zuwa 25 a sakan kan kowane inci da aka rage. A manyan magnum abin yakan kai ƙafa 30 zuwa 40. Kuma asarar ba daidai take ba: incin da ke tsakanin 16 da 18 ya fi wanda ke tsakanin 24 da 26 tsada.

Mu ɗauki .308 mai nauyin giren 150 (giren awon nauyin harsashi ne), wanda kwali ke cewa yana fita da ƙafa 2,820 a sakan, wato kusan mita 860. A bututu inci 20 ka sa ran wajen ƙafa 2,720 zuwa 2,740. Ka rasa kusan ƙafa 100. Me wannan ke nufi a fili? In ka daidaita saitinka a mita 100, bambancin faɗuwar harsashi tsakanin bututun biyu a mita 200 bai kai faɗin yatsa ba, a mita 300 kuma 'yan santimita ne, uku zuwa biyar. Faɗuwar nan kuma ba canzawa take yi daga harbi zuwa harbi ba, abu ne da ake aunawa a rubuta a gyara a madubin saiti. Barewar da ke mita 200 ba za ta san bambancin ba.

Inda gudu ke da muhimmanci da gaske wuri biyu ne. Na farko, buɗewar dalma a jikin dabba. Yawancin harsasan farauta masu cikin dalma suna buƙatar su isa da gudun da bai gaza kusan ƙafa 1,800 a sakan ba kafin su buɗe yadda ya kamata, masu tagulla zalla kuwa an fi so su isa da wajen 2,000 ko fiye. Harsashin da bai buɗe ba huda dabba yake yi ya wuce, ta gudu da rauni ta je ta mutu a wahale, wannan kuwa abu ne da mafarauci na ƙwarai ba ya yarda da shi. Ka duba adadin da kamfanin harsashin ya bayar, ka sa gudunka a manhajar lissafin harbi, irin wadda Hornady ke bayarwa kyauta, ka ga nisan da gudun ke sauka ƙasa da iyakar. In nisan ya zarce wanda ka rubuta a mataki na 2 da rata mai kyau, gajeren bututun ya ishe ka.

Na biyu, iska a nisa mai tsawo. Harsashin da ya fi jimawa a sama ya fi shan turin iska, ita kuwa iska ba a rubuta ta a ajiye. Shi ya sa masu gasar Palma, da ke harbin .308 a yadi 800, 900 da 1,000, suke amfani da bututu wajen inci 30. Suna neman kowace ƙafa ta gudu don harsashi ya isa allo bai sauka ƙasa da gudun sauti ba. In wannan ne wasanka, dogon bututu wajibi ne, kuma nauyinsa ba matsala ba ne tunda a kwance ake harbin.

5. Duba kauri tare da tsawo

Lokacin da harsashi ke bi ta cikin bututu, bututun yana karkarwa. Saiti mai kyau yana samuwa ne idan kowane harsashi ya fita a daidai wuri guda na wannan karkarwar. Bututu mai tauri ya fi sauƙin yin haka, kuma a kauri iri ɗaya gajere ya fi dogo tauri nesa ba kusa ba. In ka kafe sandar ƙarfe ta gefe guda ka danna bakinta, lanƙwasarta tana ƙaruwa ne gwargwadon tsawonta sau tsawonta sau tsawonta a lissafi: mai inci 26 tana lanƙwasa fiye da ninki biyu na mai inci 20. Wannan ne dalilin da ya sa masu gasar harbi daga kan tebur a yadi 100 da 200, waɗanda ke zuba harsasai kusan a rami guda, suke yawan amfani da bututu gajere mai kauri, wajen inci 20 zuwa 22.

Kauri yana da nasa farashin. Siririn bututun farauta na .308 yana ƙara kusan giram 30 a kowane inci, mai kauri kuwa kusan giram 60. Nauyin kuma a can gaba yake, inda ya fi gajiyar da hannun hagu. Siriri yana saurin zafi, bayan harbi uku ko huɗu a jere harsasai sukan fara watsewa, amma ga mafaraucin da harbinsa ɗaya ne ko biyu wannan ba aibi ba ne. Mai kauri yana jure harbi goma a jere, sai dai za ka ji shi a wuya bayan tafiyar awa uku.

Haɗin da ya fi ba mutane matsala shi ne dogo kuma siriri ƙwarai. Haɗin da ya fi sauƙin sha'ani ga mai farauta da ƙafa shi ne matsakaicin kauri a inci 20 zuwa 22.

Hattara: kada ka rikita tsawo da murɗin layukan cikin bututu. Murɗin ne ke sa harsashi ya juya ya tafi a miƙe, ana rubuta shi kamar 1:10, wato juyi ɗaya a kowane inci 10. Dogon harsashi mai nauyi yana son murɗi mai sauri, shi ya sa 6.5 Creedmoor ke zuwa da 1:8, .308 kuma da 1:10 ko 1:12. In murɗin bai dace da harsashin ba, ko bututun ya kai inci 30 harsashi zai isa allo a karkace.

6. Lissafa abin da za ka ɗora a kai

In da madubin saiti za ka yi harbi, tsawon bututu ba ya shafar yadda kake saitawa. In kuwa da saitin ƙarfe ne, na gaba da na baya, to tazarar da ke tsakaninsu tana da tasiri. Kuskuren rabin milimita wajen daidaita su, in tazarar santimita 50 ce, yana kauce wa bara da santimita 10 a mita 100. In tazarar santimita 70 ce, kaucewar kusan santimita 7 ce. Daga nan ne tsohuwar maganar cewa doguwar bindiga ta fi saiti ta samo asali, kuma ga mai saitin ƙarfe gaskiya ce har gobe.

Sai salansa, wato na'urar rage ƙarar harbi. A Birtaniya, Norway, Finland da Afirka ta Kudu mafarauta suna amfani da ita a kai a kai don kare kunne, a Amurka kuma sai da rajista kuma ba a kowace jiha ba. Irin wadda ake ɗaurawa a baki takan ƙara inci 6 zuwa 8. Bututu inci 24 da salansa ya zama sama da inci 30, abin da ba ya juyuwa a kurmi. Mai niyyar sa ta, inda doka ta yarda, ya nemi inci 18 zuwa 20 wanda kamfani ya riga ya yi wa zaren ɗauri.

Hattara: gajeren bututu yana kusanto da fashewar iska zuwa fuskarka, kuma matsin da ke fita bakinsa ya fi yawa. Ƙarar raifil ta farauta ta zarce desibel 140 da ke lalata ji nan take. A filin gwaji ka haɗa toshiyar cikin kunne da marufin kunne, duka biyu.

7. Riƙe ta a hannu kafin ka biya

Lissafi ya ƙare, saura jiki. A shago, bayan kai da mai shago kun buɗe sakata kun tabbatar babu harsashi a ciki, kuma bakin yana kallon inda babu kowa, ka yi gwaji uku.

Ka ɗora bindigar a tafin hannu ka nemi inda take daidaita. A raifil ta farauta wurin ya kamata ya kasance kusa da sukurun gaba da ke riƙe jikin ƙarfe da ƙota, ko ɗan gaba kaɗan. Sannan ka zaɓi wani ɗigo a bango, ka rufe ido, ka ɗaga ta zuwa kafaɗa, ka buɗe. Wadda ta dace da kai za ta sauka kusa da ɗigon ba tare da ka yi ta gyara ba. Na uku, ka riƙe ta a tsaye kana kallon ɗigon har sakan 20. Gajeriya marar nauyi a gaba tana saurin hawa kafaɗa, amma bakinta yakan yi ta rawa. Mai ɗan nauyi a gaba tana lilo a hankali, ta fi sauƙin tsayarwa, sai dai in nauyin ya yi yawa hannu zai fara karkarwa kafin lokacin ya cika. Wadda kake nema tana tsakani, kuma wurin ya bambanta daga mutum zuwa mutum gwargwadon tsawon hannu da ƙarfi.

Ka yi gwajin da madubin saiti a ɗaure in zai yiwu, da rigar sanyin da za ka sa a daji. Madubi yana ƙara rabin kilo ko fiye, yana kuma sauya inda nauyi ke zama.

8. Auna bututun da kanka

Wannan ya fi muhimmanci ga bindigar da wani ya riga ya yi amfani da ita, wadda ba ka san ko an taɓa ta ba. Cire gidan harsashi, buɗe sakata, duba da ido ka kuma taɓa da yatsa. Rufe sakatar, ka zura siririyar sanda ta katako ko sandar goge bututu daga baki har ta taɓa fuskar sakata. Yi alama daidai leɓen baki, ka zaro, ka auna da tef. Abin da aka ɗaura a baki da zare, wanda ake iya kwancewa, ba ya shiga awon.

Tunda kana wurin, ka haska leɓen bakin da tocila. Shi ne wuri na ƙarshe da harsashi ke taɓawa, in akwai ɗan tsagu ko lotsawa a gefe guda iskar albarushi za ta fita a karkace ta ture gindin harsashi. Bindigogi da yawa da ake zargin tsawonsu, leɓen nan ne ciwonsu.

9. Gwada a fili, ka rubuta

Kayan aiki: harsasai 60 iri ɗaya masu lambar ƙira ɗaya, wato kwali uku, da buhunan yashi biyu, da allon takarda, da littafi, da na'urar auna gudu. Masu aiki da haske sun fi araha, Garmin Xero C1 kuwa ta fito a kan kusan dala 600. Ba lallai ka saya ba, ƙungiyoyin harbi da yawa suna da ita ana ara.

Kafin harbi ka tabbatar sukurorin ƙota da na madubi a ɗaure suke daidai ƙarfin da kamfani ya faɗa. In bututun irin wanda ba ya taɓa ƙota ne, ka zura takarda a ƙarƙashinsa ta wuce har gindi ba ta maƙale ba. A mita 100, daga kan buhun yashi, ka yi harbi biyar, ka bari bututu ya huce har ka iya riƙe shi da hannu, ka sake. Rukuni huɗu aƙalla. Ka auna faɗin kowanne ka ɗauki matsakaici, kuma ka yi alama a kan harsashin farko na sanyin bututu, domin shi ne wanda za ka harba a daji. Raifil ta farauta da ke tara biyar cikin santimita 3 zuwa 4 a mita 100 ta wadatar.

Ragowar harsasan ka ƙarar da su a tsaye, da durƙuso, da kan sandunan jingina, a kan da'irar nan ta santimita 20. Nan ne bambancin tsawo ke fitowa fili.

Hattara: rukuni guda na harbi uku ba ya nuna komai. Sa'a kaɗai tana iya haɗa uku wuri ɗaya, kuma mutane da yawa sun yanke hukunci a kan bututu da irin wannan shaidar.

10. Ragewa ko sauyawa, in ya zama dole

In bayan kakar farauta guda ka tabbatar bindigar ta yi maka tsawo, maƙerin bindiga mai lasi zai iya rage ta a injin, ya sake gyara leɓen. Sabon bututu da kuɗin ɗaurawa yakan ninka kuɗin wannan aiki sau da yawa. Ka ce a rage inci biyu, ka gwada, kafin ka ƙara, domin abin da aka yanke ba ya dawowa. Ka bar aƙalla rabin inci sama da iyakar doka. Ka tambayi maƙerin ko kaurin da zai rage a baki ya isa a yi masa zare, ko saitin gaba zai buƙaci sabon mazauni, kuma in bindigar mai sarrafa kanta ce da iskar albarushi, ko ragewar za ta hana ta jan harsashi na gaba.

Hattara: kada a yi wannan aiki a gida da zarto. Baki zai karkace, saiti ya lalace, kuma kuskuren awo na 'yan milimita yana iya jefa mutum cikin laifin da ake ɗauri a kansa. Bayan ta dawo daga wurin maƙeri, ka sake auna gudu, ka sake daidaita madubi daga farko, ka kuma gwada harsashi iri biyu ko uku, domin wanda bututun ya fi so a inci 24 ba lallai ne shi zai fi so a inci 22 ba.